Guzurin Matan Gwiwa

Wannan ba tatsuniya ba ce, ko da yake akwai giwa a cikinta, akwai biri, akwai kuma wata tsohuwa mai taurin kai. Labarin sana'ata ne. Abin da ya sa zan ba da shi, jikana Nura, wanda nake kira maigida, ya tara abokansa a tsakar gidana a nan Kazaure, kowa ya duƙufa a kan waya, wai suna shirya tafiya daji ganin namun dawa su kaɗai. Na ji shi da kunnena yana cewa, "Ai ba wani abu ba ne. Mu ɗauki shatar mota, mu sayi burodi da lemo a hanya, shi ke nan."

Na ce, "Maigida, burodi da lemo?"

Ya ce, "Iya, zamani ya canza."

To, zamani ya canza, amma cikin mutum bai canza ba, birin daji ma bai canza ba. Ku ajiye wayoyin nan ku saurara.

Ni mai guzuri ce. Ba mai tuwo-tuwo ba, ba mai abincin tasha ba. Aikina shi ne in haɗa abin da mota guda ta mutane za ta ci tun daga fita har dawowa, in shiga motar tare da su, in girka musu a inda babu kasuwa, babu maƙwabciyar da za a aika wa a ce ta sammana gishiri.

Aikin farko da na yi dambun nama ne, a Roni, a gidan Inna Dije. Ita ce take haɗa wa mafarauta da fatake guzuri tun ina yarinya, ni kuwa wanke-wanke nake mata. Ranar da ta ga hannuna ya isa, ta ba ni tsokar sa, ta ce in dafa, in daka, in soya. Na yi, ya yi jawur, ƙamshi har zaure. Ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Ta juye a kwano, ta rufe, ta kai ɗaka ta ajiye kamar ta manta da shi. Sai da aka kwana biyu ta ce in ɗauko in buɗe. Na buɗe, sai ga funfuna fari fat ta lulluɓe shi. Ta ce, "Tabawa, abincin biki kika yi. Na tafiya ba a sauke shi sai ya daina kuka a cikin mai." Haka ta bi da ni a kan sauran, dakuwa da gumba da soyayyen man shanu, kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Duk abin da ke da ruwa a jikinsa ba ya shiga mota. Ɗanyen tumatur ba ya tafiya, kauɗa ce take tafiya. Ranar da zan bar gidanta ta ba ni muciya, ba ta ce mini na iya ba.

Da na yi aure na dawo Kazaure, mijina Malam Ilu direban bas ne. Shi ya fara ɗaukar mutanenmu zuwa wani gandun daji can ƙasar Bauchi, inda aka killace giwa da ɓauna da gwanki, ba a harbi, ba a sare itace, sai dai a je a kalla. Tafiya ce ta yini guda cur. Zuwansa na farko babu mai girki, mutane suka dawo a galabaice suna zaginsa, ko giwar ba wanda ya tuna. Zuwa na biyu ya ce in ɗauko tukunyata.

Kayan aikina ba su da yawa, amma ko ɗaya ba na wasa ba ne. Tukunyar ƙarfe babba da ƙarama, kurfoti, buhun gawayi tun da ba a taɓa itacen gandu, jarkokin ruwa, doguwar sanda, sai uwa uba akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Duk abin da ake kaiwa baki, har maganin masu hawan jini, a cikin akwatin nan yake kwana, makullin kuma a bakin zanena.

Ku da kuke cewa ba wani abu ba ne, wane wata za ku tafi? Na ji ɗayanku yana cewa hutun damina. In kun je da damina ciyawa ta fi motarku tsayi, hanya ta zama caɓi, dabba ta sami ruwa a kowane kwari ba ta da dalilin fitowa ku gan ta. Da rani ake zuwa, bayan ciyawa ta kwanta, kafin zafin bazara ya sauko, lokacin da komai girman dabba sai ta gangaro bakin rafi. A tura a tambayi masauki tun kafin a tashi. A ɗauki taya fiye da guda. A riƙe man dawowa kamar yadda ake riƙe amana. Ba a shiga cikin dajin sai da ma'aikacin gandu a mota, kuma da sassafe, wanda ya tsaya shafa mai da ɗaurin ɗankwali sai dai ya ga kashin giwa yana tururi, ita ta wuce.

Na ga mutane iri-iri. Wani alhaji daga Babura ya hangi barewa tana kiwo, ya dafa kafaɗar ma'aikaci ya ce, "Malam, a kama mana guda, ga mai girki nan." Wata amarya kuwa ta yi wanka da humra, ta turara kayanta da turaren wuta, ranar ko gafiya ba mu gani ba, ma'aikaci ya ce iska ta riga mu isa. Wani malamin makaranta ya yi fushi da mijina har muka dawo, wai an ce akwai zaki bai gani ba, kamar Malam Ilu ne ya ɗaure zakin a bayan gida.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Abokin gabar mai guzuri ba zaki ba ne, gwaggon biri ne, waɗannan manyan masu bakin kare da suke zagaye masauki garke-garke. Suna buɗe jaka, suna kwance ƙulli, suna murɗa murfin kwano. Saboda su nake da doka biyu. Ta farko, kada wanda ya miƙa musu ko ɓawon gyaɗa. Ta biyu, ba a tayar da salla gaba ɗaya, sai an bar mutum guda da sanda a gindin kaya, in an idar shi ma ya yi tasa. Birran wurin nan sun ga masallata sun gaji, sun gane mutum in ya kabbarta ba ya waiwaye.

Ana nan ana nan, sai ga muguwar shekara. Mai ya yi wuya, ana ta maganar hanya ba lafiya, wanda zai je Kano ma sai ya yi shawara, balle kallon giwa. Da kaka Malam Ilu ya kwanta, kafin rani ya shiga Allah ya karɓi abinsa. Aka sayar da bas aka raba gado. Akwatina ya koma ƙarƙashin gado, ni kuma na koma suyar ƙosai a ƙofar gida, sana'ar da kowace mace a layinmu take yi, har ya zama masu suya sun fi masu saye.

Da rani ya zagayo, wata safiya sai ga Sale ya yi sallama. Shi ne ya koyi tuƙi a hannun marigayi, yanzu yana jan bas ɗin wani. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Iya, wasu mata ne daga Gwiwa da Roni suka haɗa kansu za su je ganin giwa, ba namiji ko ɗaya, su suka shirya abinsu. Sun ɗauke ni shata. Amma zan gaya miki gaskiya. 'Yan tasha suna cewa kujerar mai girki asara ce, a riƙa sayen abincin leda a hanya. Ni zan gwada ki sau ɗaya saboda marigayi. In an dawo ana yabo, kujerar taki ce. In an dawo ana ƙorafi, kada ki ga laifina."

Na ce, "Na ji, Sale. Allah ya yi maka albarka."

Shugabar tafiyar Hajiya Ladi ce, 'yar kasuwar hatsi a Gwiwa, mace mai murya. Ta zo har gida muka zauna, na ce mata doka biyun nan, na ƙara da cewa kada kowa ta zo da abinci, duk abin ci yana akwatina. Ta ce, "Yaya Tabawa, ai mu ba yara ba ne." Abin da ba ta gaya mini ba, da surukarta za ta zo. Baba Kande ke nan, tsohuwa tukuf, ƙafa na ciwo, ta ce tun tana yarinya take jin giwa a bakin kakanta, ba za ta mutu ba ta gani ba.

Muka isa lafiya, muka kwana. Washegari muka yi sammako muka shiga daji, muka ga gwanki, muka ga mugun dawa da jelarsa a miƙe, muka ga kada yana shan hantsi, giwa kuwa ko sawunta. Ma'aikaci ya ce a gwada gobe, ya ji labarin sun doso rafi. A hanyar fitowa taya ta yi faci, Sale ya sauke mu a masauki ya gangara wajen mai gyara, jakunkunan matan suna cikin mota. Na dama musu gumba suna sha a gindin wata bishiya, na ɗora shinkafar rana.

Sai ga wata biranya ta zo ta zauna nesa kaɗan, ɗanta maƙale a ciki, ta zuba wa Baba Kande ido. Baba ta ɗaga ludayi ta kasa kaiwa baki. Na ga hannunta ya nufi dakuwar da na raba musu.

Na ce, "Baba, don Allah kada ki ba ta."

Ta ce, "Ke Tabawa, ki ji tsoron Allah. Maijego ce fa."

"Baba, biri ce."

"Biri ba baiwar Allah ba ce? Ni tun da aka haife ni ban taɓa cin abinci ido yana kallona ban ce bismilla ba. Yau da tsufana za ki koya mini rowa?"

Matan suka kwashe da dariya, wata ta ce, "Mai guzuri tana tsoron kada a cinye mata riba." Na ɗaga sanda, biranyar ta ja da baya, amma ba ta tafi ba. Baba ta mayar da dakuwarta tana ƙunƙuni.

Azahar ta yi. Kowa ta yi alwala ta shimfiɗa sallaya, ni na zauna a kan akwati da sandata kamar kullum. Hajiya Ladi ta waiwayo ta ce, "Yaya Tabawa, ke ba kya salla ne?" Na ce sai sun idar. Baba Kande ta ce, "Ni na riga na yi tawa a zaune tun ɗazu. Kawo sandar, je ki. Ba ni makullin ma in ɗauki maganina, lokacinsa ya yi." Maganin nata kuwa yana ciki, gaskiya ta faɗa. Na kwance makulli na ba ta, na ce, "Baba, ki ɗauka ki mayar da kwaɗo." Ta ce, "Sai ka ce yarinya ake wa magana."

Na kabbarta. Ina cikin Fatiha na ji kwaɗo ya buɗe. Na yi ruku'u, na ji muryar Baba ƙasa-ƙasa tana cewa, "Zo, zo, baiwar Allah, ungo, kafin ta idar." Ina kai goshina ƙasa na ji murfin akwati ya bugu, ƙarar ƙarfe har cikin haƙorina, sannan ƙasa ta ɗauki dirin ƙafafu. Ashe duk garken yana kan bishiya yana jira.

'Ya'yan nan, na ga abu a rayuwata, ban taɓa ganin irin wannan ba. Birai suna gudu ta tsakanin sallayu, wannan da ƙullin dambu, wancan da buhun gari yana ja yana zuba. Wani ƙato ya zo ya zauna a gefen sallayar Hajiya Ladi ya buɗe kwanon man shanu yana lasa, ita kuwa tana tsaye ƙyam, hannu a ƙirji, sai idon da ke juyawa. Baba Kande tana ta salati tana kaɗa carbi, sandar tana ƙasa. Malamai sun ce in dukiya za ta salwanta ana iya yanke salla. Na sani, su ma sun sani. Amma wace ce za ta fara yankewa a gaban surukai da ƙawaye, a koma Gwiwa ana cewa wance ta bar Ubangijinta saboda dambu? Kowa tana jiran wata ta fara. Ba wadda ta fara. Muka kai salla ƙarshe, na yi sallama, na zabura na ɗauki sanda, sai wutsiyoyi na gani suna shiga daji.

Tukunyar shinkafa a kife. Akwati wayam, murfi ya lanƙwashe. Abin da suka bar mini gishiri ne, da jarkar man gyaɗa da suka kasa murɗewa, da 'yan albasa da suka gatsa suka yar.

Sale ya dawo da taya ya tsaya yana kallo. Kantin masaukin ba komai sai ruwan leda, shekarar ba baƙi. Gari kuwa da nisa, in ya je sayayya ya dawo man komawa gida ba zai kai ba. Hajiya Ladi ta ce, "To ai shi ke nan, a kwashe kaya a koma. Mun ɗauko mai guzuri, guzuri ya tafi dawa. Da abincin leda muka saya da ba haka ba." Ba wadda ta kalli Baba Kande, surukar shugaba ce. Ni suke kallo. Sale ya matso ya ce a hankali, "Iya, in muka juya yau ba giwa ba abinci, kin san sauran."

Na sani. Na shimfiɗa tabarma a tsakiya, na tsaya a kanta, na ce, "Kowa ta kwance."

Suka ce, "Mu kwance me?"

Na ce, "Ni 'yar Roni ce, ba daga sama na faɗo ba. Babu macen ƙasarmu da za ta hau mota ta yini guda ba ta ƙulla wani abu a jaka ba, ko an hana ta. Na hana ku, kun ce to, kuma kun zo da shi. Ku fito da shi."

Wata ta ce wallahi ita sai goro. Na ce ta kawo goron. Ta buɗe jaka, goron yana kwance a kan ƙullin garin kwaki. Daga nan aka fara dariyar kunya, jakunkuna suka fara buɗewa. Ƙuli-ƙuli, dabino, aya, soyayyiyar gyaɗa, yajin tafarnuwa, busasshen zogale da wata za ta kai wa 'yarta a hanyar dawowa. Hajiya Ladi da kanta ta zaro kilishi daga ƙarƙashin kujerar mota tana cewa ita ta manta ma yana nan. Ta ƙarshe Baba Kande. Ta ɗaga hijabi ta fito da kwano, soyayyiyar zabuwa guda sukutum.

Na ce, "Baba! Kina da wannan, me ya sa ba ki ba ta naki ba, sai nawa?"

Ta dube ni kamar ni ce marar hankali, ta ce, "Nawa ya kwana. A garinku ana ba maijego abin da ya kwana?"

Na kama aikina. Na jiƙa gari, na daka ƙuli a cikin ƙaramar tukunya da gindin muciya, na dafa zogale na matse, na yanke inda birai suka gatsa a albasa, na zuba mai da yaji na kwaɗa. Zabuwa da kilishi na yayyaga su sili-sili yadda kowa za ta ga nama a gabanta. Na raba biyu, rabi yau, rabi na kulle a cikin mota, ni kuma na zauna a bakin ƙofar motar. Ba wadda ta ƙoshi. Ba wadda ta kuma yi maganar komawa.

Da asuba muka shiga daji da dabino a baki. Mun yi tafiya har na fara cire rai, sai ma'aikaci ya ɗaga hannu, Sale ya kashe mota. Ga su nan suna fitowa daga cikin itatuwa suna gangarowa rafi, manya da 'ya'yansu, ba hayaniya, ƙafa kamar turmi amma ba ka jin takunta. Motar nan da ba ta taɓa yin shiru ba tun daga Gwiwa ta yi tsit. Baba Kande ta riƙe ƙarfen taga da hannu biyu tana cewa, "Ikon Allah. Ikon Allah. Ashe kakana bai yi ƙarya ba."

Muka kamo hanyar gida. Tun da waya ta kama, Hajiya Ladi take kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma ba labarin giwa take bayarwa ba, na birai ne, da yadda ƙaton ya zauna mata a sallaya, da yadda aka kwana da yunwa. Ina jin ta. Sale ma yana ji. Ni dai na riga na fara tunanin inda zan sayi wake in koma ƙosaina.

Muka sauka a tashar Kazaure bayan isha'i. Sale ya hau saman mota ya sauko da akwatina, ya juya murfin da ya lanƙwashe, ya ajiye a gabana.

Ya ce, "Iya, ki kai wa maƙeri ya buga wannan kafin sati na sama. Matan Babura sun bugo mini tun muna hanya, mota ta cika."

Na ce, "Duk da abin da suka ji?"

"Saboda abin da suka ji. Wai birran da suka san lokacin salla suke son gani. Kuma sun ce sai da matar da ta sa aka kwance jakunkuna."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Amma da sharaɗi, Sale. Tsohuwar nan ba za ta sake shiga motar da nake ciki ba."

Ya sosa ƙeya, ya kalli ƙasa. Ya ce, "Iya, ai ita ta fara kama kujera. Ta ce a ajiye mata ta kusa da akwati, saboda ƙafarta."